Ƙafar Yaya Maazou

Sabha, 6 ga Disamba, 2003

Zuwa ga Yaya Hamsatou, a Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun sha ruwa lafiya, kun yi salla lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Ki gaishe min da Zoulaïhatou matar Yaya Maazou, amma kada ki bari ta ji abin da ke cikin takardar nan sai kin karanta ke kaɗai tukuna.

Na san abin da za ki fara cewa: shekara biyu Salissou bai rubuto ba. Haka ne. Ku ma ba ku rubuto min ba. Saƙon baki ake aikowa, shi ma na Maazou ne, ni sai can ƙarshe a ce a gaida Auta, kamar an tuna ba a ɗaure akuya ba. To ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Yaya Maazou ba shi da lafiya. Ƙafarsa ce ta hagu, kuma maganarki ake jira.

Abin ya daɗe. Tun bara, idan muka fito daga Tayuri, unguwar da yake zaune yana yi wa 'yan ƙasarmu aski da ƙaho, sai ya yi ta tsayawa a gaban shaguna yana duba kayan da ba zai saya ba. Na ɗauka son surutu ne. Ashe sharaɓarsa ce take ƙullewa, sai ya tsaya ta saki. Kin san shi, ba zai faɗa ba. Ni kuma ina Ghuddwa, kudu da nan, a gonar dabino inda nake ban ruwa, sai ranar Alhamis nake shigowa gari. Cikin azumi na lura ba ya cire safa ko wajen alwala, shafa kawai yake yi. Ranar salla na kama ƙafar da ƙarfi na tuɓe safar. Yaya, sanyi kamar gindin randa. 'Yan yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi sun bushe, kamar dabinon da aka manta a sama.

Na kai shi asibiti yana zagina tun daga gida har bakin ƙofa. A garin nan kowace kwana an kafa taswirar Afirka, rediyo kullum cewa yake iyaka ta faɗi, duk 'yan uwa ne mu. A titi kuwa sunan da ake kiran mu da shi ba zan rubuta miki ba. Amma ba zan ɗauki alhakin mutanen asibiti ba, sun karɓe mu, sun ba shi kujera.

Likitan Basudane ne. Ya ce kakarsa Bahausa ce da ta tsaya a ƙasarsu a hanyar Makka, don haka yana da 'yar Hausa, irin wadda aka ajiye a ƙasan akwati ta sha asu. Ya shafa wa Maazou wani mai, ya ɗora masa wani abu kamar biro mai waya. A ƙafar dama sai muka ji ƙara, fut, fut, fut, kamar zugazugin maƙera. Ya ce jini ne ke wucewa. A hagu, wajen matsematsi, ƙarar ta zama shaaa, kamar ana tankaɗe. Bayan gwiwa da ƙyar ake ji. A kan ƙafa kuwa shiru.

Ya dube ni ya ce, "Kai, aikin me?"

Na ce ban ruwa. Sai ya yi murna kamar na kawo masa tsaraba. Ya jawo takarda ya zana hanyar ruwa.

"Ruwa tafi miƙe, ciyawa a ciki kwanta yaya?"

Na ce gansakuka? Duk gefe ɗaya take kwanciya, kamar an taje ta.

"Wurin hanya raba biyu fa?"

Na ce nan ruwa juyi yake yi, ya je ya dawo, gansakukar ta cukurkuɗe, kuma nan laka take zama. Duk mako sai mun sa shebur mun kwashe.

Ya bugi tebur ya ce, "Khalas! Kai likita!"

Maazou ya ce, "Wannan? Ko gemu bai iya gyarawa ba."

Ga abin da na fahimta, in na fahimta. Wai cikin jijiyar jini a shafe yake da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, ido ba ya ganinsu, a jere kamar ɓawon kifi. Wai suna jin jinin da ke bi ta kansu. In yana tafiya sumul, sai su kwanta su bi shi, su yi santsi, ba abin da ke maƙale musu. Amma inda jijiya ta yi kwana ko ta rabu biyu, jini yana juyi yana komawa baya, sai su rasa inda za su fuskanta. Su hargitse, su kumbura, su yi danƙo, kitse ya riƙa shiga ta tsakaninsu yana zama cikin bangon. Bango ya yi kauri, hanya ta tsuke, tsukewar ta ƙara wa jinin juyi, juyin ya ƙara ɓata su. Haka shekara da shekaru. Taba da ciwon sukari su ne ke ingiza abin, Maazou kuwa ya haɗa duka biyun, na sukarin ma ranar muka sani.

Na ce, to ai kowa jijiyarsa ta rabu biyu, har ni. Ya ce e, har kai, har ni. Na ce to me ya sa shi? Ya ɗaga kafaɗa, ya zuba Larabci da sauri, ban kama rabi ba. Na fito ina jin tawa ƙafar tana min wani iri. Har yanzu ban gane yadda abin da ba shi da ido ba shi da kai zai rikice ba. Amma ni ma ga ni da ido da kai.

Abin da likita yake so shi ne a cire yatsun nan biyu yanzu, ya bar taba, ya sha magani, ya riƙa 'yar tafiya, wataƙila sauran ƙafar ta tsira. Maazou ya maida safarsa ya ce, "Ƙarfen bare ba ya shiga jikin ɗan gidanmu. Mu muke yanka mutane, ba a yanka mu. Sai in Yaya ce ta ce." Ya ce zabirar wanzancin Baba a ɗakinki take, don haka bakinki bakin Baba ne.

Ni ban riƙe wanzanci ba, kun sani, Baba da kansa ya ce hannuna na garma ne. Amma na ga yatsun da idona. Ki ba da izini. Mourtala direba zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa kafin ya juyo, don kwana ashirin hanya take ci.

Na bar ki lafiya. Ƙaninki,
Salissou


Tasawa, 28 ga Disamba, 2003

Zuwa ga Auta, sarkin ƙorafi.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ku. Takardarka ta zo, na karanta sau biyu, na farko don in ji ciwon Maazou, na biyu don in ƙirga kukanka. Akuya in ta ɓace ai ana jin kukanta a bayan gari. Kai ka yi shiru shekara biyu, sannan ka ce ba a neme ka ba.

Maganar yatsu ban yarda ba. Tun kakan Baba ba a taɓa kwantar da ɗan gidan nan an sa masa wuƙar wani ba. Kaciyarku, belinku, haƙorin da aka cire min, duk hannun gida ne. Ba a kaina za a fara ba. Kuma mutumin da yake tsugunawa gaban mutane da aska, a ce an gutsure shi a asibiti, wa zai ƙara miƙa masa wuya?

Kai ma ka ba ni mamaki. Likitan naka ya ɓata takarda, ya ɓata yini, a ƙarshe me ya faɗa? Datti ya zauna a hanyar jini. To mu me muke cewa tun kafin a haifi kakar tasa? Mataccen jini. Shi ya kira shi laka, shi ke nan bambancin. Da bakinka ka ce in laka ta zauna shebur kuke sawa ku kwashe, ba ka ce kuna sare dabinon ba. To ƙaho shi ne shebur ɗinmu. Wannan ma sai mace ta gaya maka daga Tasawa?

Ga ƙahon Baba nan na naɗe a zane, baƙin nan mai tsagi a baki, da garin magani a ƙullin leda. Maazou ba zai iya zuƙar ƙaurinsa da kansa ba, sai dai in wuyansa ya ƙara tsawo a Libiya. Kai za ka yi. Shi zai nuna maka wuri. Hannun garma ne, na sani, amma hannun gida ne. Ka yi bisimilla, ka yi da safe kafin ya ci komai, ka barbaɗa garin bayan ka goge.

Zoulaïhatou ta ji. Ba ni na gaya mata ba, fuskar Mourtala ce, mutumin nan ko kuɓewa ba zai iya ɓoyewa a aljihu ba. Tana ta kuka, na ce ta adana hawayen, mijinta ba mutuwa ya yi ba.

Ka ce wa wannan jakin ya bar taba. A nan kam ni da Basudanen bakinmu ɗaya.

Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya rage maka baki.

Yayarku,
Hamsatou


Sabha, 27 ga Janairu, 2004

Yaya Hamsatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida. Barkanku da salla tun yanzu, don kafin wannan ta iso kun ci naman layya kun manta.

Saƙonki ya zo ranar Laraba. Na karanta wa Maazou, tunda shi boko bai shige shi ba. Da na zo wurin jaki ya yi dariya har da tari. Da ya ga ƙahon Baba kuma sai ya daɗe yana juya shi a hannu.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar shebur ta kama ni. Na yi ta juya ta, na rasa ta inda zan kayar da ita. Likita ya ce laka, ke kin ce mataccen jini. Na ce to wataƙila abu ɗaya kuke faɗa, Hausar ce ta bambanta.

Ranar Juma'a da hantsi muka yi, a tsakar gida inda rana take faɗowa, don sanyin garin nan ba ya wasa. Ya miƙe ƙafar a kan buhu yana nuna min da tsinke.

"Nan. A'a, nan, makaho. Riƙe askar kamar alƙalami, ba icce aka ce ka faskara ba."

Wuri huɗu: biyu a ƙauri, ɗaya a sharaɓa, ɗaya a kan ƙafa kusa da yatsun. Na kafa ƙaho na zuƙa, fata ta taso, na cire na tsattsaga, na mayar na sake zuƙa har kunnuwana suka toshe. Muka jira. Ya ce buɗe.

Yaya, ba komai. Ɗan ruwa ne ja-ja a gindin ƙahon, kamar ruwan wankin nama. Tsagar kuwa ta tsaya fari fat, a buɗe, kamar an tsaga rogo. Tun ina yaro nake riƙe wa Baba ƙwarya, na san yadda jinin ƙaho yake fitowa, baƙi, guda-guda. Wannan ban taɓa gani ba.

Na ɗaga kai na dube shi. Ba ƙafar yake kallo ba, bango yake kallo. Ya ce, "Ƙara zurfi."

Na ƙara. A kan ƙafar ma bai san na yanka ba, sai da ya tambaye ni ko na fara. Wuri huɗun duka abu ɗaya. Sai ya ce in kafa masa ɗaya a ƙafar dama mu gani. Kafin in ƙirga ashirin ƙaho ya yi nauyi.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ya yi nisa ne. Ya daskare a ciki. Barbaɗa garin ka ɗaure." Ya kunna taba. Na ce Yaya Hamsatou ta ce ka bari. Ya ce Yaya Hamsatou tana Tasawa.

Washegari na koma Ghuddwa. Akwai wani layin dabino a ƙarshen gona da ruwa ya daina kai wa, mai gonar ya ce in duba. Na saɓa shebur na tafi, kuma ƙafafuna da kansu suka wuce dabinon, suka kai ni can sama inda hanyar ta rabu, don nan toshiyar take, kowane mai ban ruwa ya sani. Ina cikin kwasar laka sai na tsaya. Ba wanda yake zuwa gindin busasshen dabino ya haƙa rami yana neman laka. A can ba abin da ya taru, ruwa ne bai iso ba. Toshiyar Maazou a cinya take, can ciki, inda na ji shaaa ɗin nan, inda ko ƙahon bauna ba zai kai ba. Ni kuwa na je inda jini bai isa ba na buɗe ƙofa huɗu ina jiran ya fito.

To me na yi ke nan? Na kwashe ne ko na sare? Na zauna a bakin ruwan har mai gonar ya yi min tsawa.

Amma kuma jiya wani ya zo daga Tayuri ya ce Maazou ya ce a gaya min zafin ya ragu, har ya yi wa mutum biyu aski. To ko ke ce da gaskiya, ni ne nake tsorata kaina da maganar ruwa? Mutum ai ba gona ba ne. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Wurin likita dai ban koma ba. Da wane ido zan dube shi?

Ki rubuto ki gaya min ko kin taɓa ganin ƙaho ya fito haka, da abin da Baba yake yi in ya gani.

Ƙaninki,
Salissou


Tasawa, 15 ga Fabrairu, 2004

Salissou,

Salamu alaikum. Yau takardarka ta zo, yau nake amsawa, na tsare Mourtala a zaure ban bar shi ya je gidansa ba.

Ka tambaye ni ko na taɓa gani. Na gani. Ruwan wankin nama, da tsaga fari kamar rogo. Da na karanta wurin nan sai da na ajiye takardar na fita bayan ɗaki.

Baba ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba. Haka muka aika maka, kana Libiya shekararka ta biyu, amma ba haka ba ne. Ƙafa ce, ta dama. Babban yatsa ya fara. Likitan Maraɗi ya ce a cire, Baba ya ce ƙarfen bare, ka san sauran. Maazou ne ya yi masa ƙaho, wuri bakwai, ni na riƙe ƙwarya. Abin da ka gani shi muka gani. Tsagar ba ta rufe ba. Kwana talatin da wani abu, sai da ya zama turare ba ya rufe warin ɗakin. Ranar da aka kai shi, Maazou ya sa muka rantse ba za mu gaya maka ba. Bayan arba'in ya kasa zama a rumfar Baba, ya ɗauki askarsa ya bi ka. Kai kana cewa ya zo ne ya tsare maka wuri.

Za ka ce to me ya sa na aiko da ƙahon. Na tambayi kaina tun ɗazu. Na ce wa raina na Baba ajali ne, tsufa ne, ga bakwai ya yi yawa. Na ce Maazou ya fi kowa sani, in abu ɗaya ne zai ƙi da kansa. Gaskiyar ita ce na ji tsoron a ce a hannun mace dokar gida ta karye. Ban da wata amsa.

Yanzu ka saurara. Ka ɗauke shi ka kai wa Basudanen nan yau, ba gobe ba. Yatsu ne, ƙafa ce, abin da ya ce a cire a cire. Ni na ce. In akwai alhaki a wuyana yake, in Baba zai tambaya ni zai tambaya. Ka ce wa Maazou in ya yi gardama, ni da kaina zan hau motar Mourtala in zo in zauna masa a ƙirji a yanke. Zoulaïhatou miji take jira, ba yatsu ba.

Kai kuma ba ka yi laifi ba. An ce ka yi ne ka yi.

Allah ya sa wannan ta riske ku da wuri.

Hamsatou


Sabha, 17 ga Fabrairu, 2004

Yaya Hamsatou,

Assalamu alaikum. Ban ga amsarki ba, na san ma da wuya in takardata ta daɗe da isa hannunki. Wani mai zuwa Agadas zan ba wannan. Daga barandar asibiti nake rubutu.

Zafin da aka ce ya ragu, ashe wurin ne ya mutu. Tsagar nan huɗu ba wadda ta rufe. Bakinsu ya yi baƙi, suka haɗe, ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Maazou ya ɓoye min mako biyu, yana fesa turare. Shekaranjiya na same shi da zazzaɓi yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba. Mai gonarmu, Allah ya saka masa, shi ya ba da motarsa muka kawo shi asibiti.

Likitan ya kwance tsumman. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Ya ƙirga da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ce, "Wa ya yi?"

Na ce ni ne.

Ya dube ni. Ya ce, "Kai? Mai ban ruwa?" Bai ƙara ba. Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Daga baya ya ce ai ya gaya mana ranar farko, ko ƙaya kada ta taɓa ƙafar nan, don ciwo da jini yake warkewa, nan kuwa babu jinin. Cikin Larabcin nan ne da ban kama ba. Na ji kunyar in ce ya maimaita, na gyaɗa kai kamar na gane. Wannan nawa ne, ba naki ba.

Yanzu ba maganar yatsu ake ba. Ƙasa da gwiwa ne, kuma cikin kwana uku ko huɗu, in ba haka ba dafin ya hau jiki. Suna yi masa allura, hankalinsa ya dawo, kuma ba za su taɓa shi ba sai ya dangwala yatsa da kansa. Ya ƙi.

Na ce, "Yaya, mutuwa fa za ka yi."

Ya ce, "To. Ka tambayo Yaya Hamsatou."

"Kwana ashirin zuwa, ashirin dawowa!"

"Sai a jira. Kai kullum cikin gaggawa kake, shi ya sa askinka ke fita da tudu."

Na je shagon tarho yini biyu, layin Nijar ba ya shiga, sai wata mata da ke ta maimaita magana ɗaya da Larabci. Na dawo na ce masa ƙahon ne ya jawo, ni na yi da hannuna, ya bar ni in gyara. Sai ya ce wata magana da ban gane ba. Ya ce, "Ba kai ba ne, Auta. Abin da na auna wa wani ne aka auna min, kuma shi bai gudu ba." Na ce wa? Ya juya fuska. Ko zazzaɓin ne, oho.

Ina jin haushinki, Yaya, ba zan yi ƙarya ba. Kina zaune a Tasawa kin yanke hukunci a kan ƙafar da ba ki gani ba. Amma ni na gani, na ji ƙarar, na ji shirun, aka zana min a takarda, kuma duk da haka na ɗauki aska. To wa zan fi jin haushi? Shekara bakwai ina ban ruwa a ƙasar mutane, abu ɗaya da na iya ke nan a duniya, shi ma da aka tambaye ni a jikin ɗan uwana na faɗi.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba, tunda kafin ki karanta an riga an yi ko an rasa. Ki yi mana addu'a.

Salissou


Sabha, 8 ga Maris, 2004

Yaya,

Assalamu alaikum. Yana raye. An yanke ranar 19 ga wancan wata, ƙasa da gwiwa. Wurin yana warkewa, likita ya ce can jini yana isa. Ya fara cin abinci, ya fara zagin masu jinya, sun ce alama ce mai kyau.

Takardarki ta 15 ga Fabrairu ta iso shekaranjiya. Maganar Baba ba yau ba. Ban iya ba tukuna.

Ban karanta masa ita ba, kuma ba zan iya ba, don a wurinsa izininki ya riga ya zo tuntuni. Washegarin ranar da na rubuto miki daga barandar asibiti na sayi ambulan, na zauna a bayan asibiti na rubuta takarda da sunanki, na murza ta a ƙasa ta yi kamar ta sha hanya. Na shiga na ce wani direba ya kawo. Na sa jaki sau biyu don ya yarda ke ce. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙa yatsa aka dangwala.

In ƙafar roba ta samu zai taho gida. Idan ya yi miki godiya, ki karɓa kawai.

Abu ɗaya ne. Jiya ina gyara masa matashi, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Auta, shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin Yaya ta ce wa mutum don Allah ba."

Sau uku na rubuta don Allah a cikin takardar nan. Can ya ce in miƙo masa ruwa.

Ki gaida Zoulaïhatou.

Ƙaninki,
Salissou